Yaya zan koyar da fiffike mai iyaka ba tare da ɗalibai sun tsaya ga haddar lissafi ba?

Malamin injiniyanci, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum malamai da injiniyoyin wannan zaure. Ina koyar da ilimin motsin ruwa da iska ga ɗaliban aji huɗu a sashen injiniyancin injina a nan Kaduna, kuma a wannan zango an ƙara mini babin fukafukan jirgin sama. Kashin farko na babin yana tafiya lafiya. Idan muka ɗauki yankan fiffike kaɗai, muka ƙaddara cewa ba shi da ƙarshe ta dama ko ta hagu, ɗalibai suna gane yadda matsin iska ke raguwa a samansa ya ƙaru a ƙasansa, suna gane kusurwar da yake tunkarar iska da ita, kuma suna iya fitar da ƙarfin ɗagawa daga zagayen iska a kewayen fiffiken ta ƙa'idar Kutta da Joukowski.

Matsalar tana farawa ne ranar da muka ce fiffiken gaskiya yana da tsini biyu. Daga nan aji yake rabuwa. Masu ƙarfin hadda su riƙe cewa CDi = CL² / (π e AR), inda CDi yake ma'aunin turjiyar da ɗagawa ke jawowa (turjiya ita ce ƙarfin da ke jan jirgi baya), CL ma'aunin ɗagawa, AR tsawon fiffike daga tsini zuwa tsini bisa faɗinsa, e kuma ma'aunin ingancinsa, su zuba lambobi su ci jarrabawa, saura kuma su yi tsit. Amma idan na tambayi ko wanda ya fi kowa maki dalilin da ya sa turjiya ta bayyana a cikin iskar da muka ƙaddara ba ta da gogayya, alhali mun riga mun nuna masa cewa yankan fiffike a irin wannan iska ba ya fuskantar turjiya ko kaɗan, abin da zai ce kawai shi ne iska ce take zillewa ta tsinin fiffike. Wata ɗaliba ta tambaye ni cewa in haka ne, me ya hana a kafa faranti a ƙarshen kowane fiffike a toshe mata hanya kowa ya huta? Na ba ta amsa, amma na ga alamar ba ta gamsu ba.

Ina neman shawararku a kan tsarin da ya fi dacewa. Shin in fara da ka'idar layin ɗagawa ta Prandtl kai tsaye kamar yadda yawancin littattafai suke yi, ko akwai wata ƙofa da ta fi sauƙin shiga? Sannan bututun gwajin iska na makarantarmu ba ya aiki a yanzu, don haka ina so in san abin da zan iya nuna musu da ido da kayan da ake samu a kasuwa.

Dattijo mai ritaya, Barnawa

Wa alaikumus salam Malam. Ɗalibarka ta yi tambayar da ta dace, kuma tambayar ta fito ne daga yadda muke fara bayanin. Muna fara zana iska tana lanƙwasowa daga ƙasan fiffike zuwa samansa ta tsini, sai ɗalibi ya ɗauka ɓaraka ce da za a iya liƙewa. Shawarata ita ce ka ajiye zanen guguwar tsini zuwa darasi na biyu, ka fara da dokar Newton wadda suka sani tun aji ɗaya.

Jirgi yana da nauyi, kuma babu abin da zai dogara a kansa a sama sai iska. Domin iska ta tura shi sama, dole shi ma ya tura ta ƙasa, kuma ƙarfin ɗagawar daidai yake da yawan iskar da ya taɓa a kowane sakan sau gudun da ya ba ta zuwa ƙasa. Iskar da aka ba gudu kuwa ta tafi da makamashi, makamashin nan kuma yana ƙaruwa ne da ninkin gudun sau kansa. Ke nan hanyoyin samun ɗagawa iri ɗaya suna da yawa amma farashinsu ya bambanta: wanda ya tura iska mai yawa a hankali ya fi arha a kan wanda ya tura 'yar kaɗan da ƙarfi. Matuƙin kwalekwale a Kogin Kaduna ya san haka, shi ya sa filafilinsa yake da faɗi, domin da siririyar sanda zai gaji da dukan ruwa kafin ya kai tsakiya. Makamashin da iskar ta tafi da shi injin jirgi ne ke biyansa, kuma shi ne muke kira turjiyar ɗagawa. Fiffike marar iyaka yana taɓa iska marar iyaka, saboda haka gudun da yake buƙatar ba ta ya zama sifili, shi ya sa bai nuna turjiya a darasinka na farko ba. Da zarar an yanke shi, iskar da yake iya taɓawa ta ƙayyadu.

Ka ba su lambobi su riƙe a hannu. Ɗauki ƙaramin jirgi mai nauyin kilo 800, buɗin fukafukansa daga tsini zuwa tsini mita 7, shimfiɗarsu kimanin murabba'in mita 10, yana tafiyar mita 35 a sakan jim kaɗan bayan tashi. Kada ka yi amfani da kaurin iska na bakin teku, wato 1.225, domin Kaduna tana sama da teku da mita ɗari shida da wani abu, kuma da rana a watan Maris ko Afrilu, idan zafi ya kai digiri 35, kaurin yana sauka zuwa kusan kilo 1.06 a kowace mita kiyubik. Fiffike mafi inganci yana aiki kamar yana karkatar da iskar da ke bi ta cikin da'irar da faɗinta ya yi daidai da buɗinsa. Da'ira mai faɗin mita 7 tana da fili kusan murabba'in mita 38.5, don haka iskar da ke ratsa ta ta haura kilo 1,400 a kowane sakan. Nauyin jirgin kusan niyutan 7,850 ne. Idan aka raba, za a ga cewa dole a bar wannan iska tana gangarawa da gudun mita 5.5 a sakan a bayan jirgin. Makamashin da ta tafi da shi ya kai kilowat 21 da ɗoriya, wanda idan aka raba shi da gudun jirgin ya ba da turjiya kusan niyutan 620. A daidai kan fiffiken, gangarowar iskar rabin wancan gudu ce, wato mita 2.75 a sakan, wanda ke nufin iskar da fiffiken ke gani ta karkace ƙasa da kusan digiri 4.5. Ɗagawa kuwa kullum a tsaye take kan iskar da fiffike ke gani, saboda haka ita ma ta jingina baya da digiri 4.5, kuma wannan jinginar ita ce dai turjiyar da muka lissafa ta hanyar makamashi. Idan ɗalibi ya iso lamba ɗaya ta hanyoyi biyu da hannunsa, ba zai sake ganin fomular a matsayin abin hadda ba.

Daga nan ka sa su canza abu ɗaya a kowane karo. Idan gudun ya ninka zuwa mita 70 a sakan, turjiyar ta koma kashi ɗaya bisa huɗu. Idan aka bar gudun aka miƙa buɗin zuwa mita 10, ta koma kusan rabi. Idan aka bar buɗin a mita 7 aka rage faɗin fiffiken kawai, babu abin da ya canza, ko da yake AR ya ƙaru. Wannan na ƙarshen shi ne wanda nake so ka dakata a kansa, domin a nan ne fomular da aka rubuta da AR take ruɗa mutane har da waɗanda suka gama makaranta. Rage faɗi yana ƙara AR, amma yana rage shimfiɗa, don haka CL ya tashi domin ɗaukar nauyi ɗaya, kuma abubuwan biyu suna cinye juna. Ga jirgi mai wani nauyi a wani gudu, abin da ke hukunta turjiyar ɗagawa shi ne nauyin da ke kan kowace mita ta buɗi. Ni da zan rubuta musu fomular a allo, da W² / (q π b² e) zan fara rubutawa, inda W yake nauyin jirgi, b buɗi, q kuma rabin kaurin iska sau gudu sau gudu, wadda ke da AR ta biyo baya.

Amsar ɗalibarka tana cikin wannan. Farantin da za ta kafa ba zai soke bukatar tura iska ƙasa ba, kuma matuƙar an tura wani yanki na iska ƙasa an bar na gefensa, dole a samu jujjuyawa a iyakar da ke tsakaninsu. Guguwar da ake gani a tsini alamar wannan aiki ce. Abin da faranti mai tsayi zai iya yi shi ne ya ƙara girman iskar da fiffiken ke taɓawa kaɗan, sai dai yana zuwa da tasa gogayyar da nauyinsa. Frederick Lanchester na Ingila ya yi tunanin irin wannan faranti tun kafin 'yan'uwan Wright su tashi a 1903, kuma shi ne ya zana waɗannan guguwoyi a littafinsa na 1907. Ka gaya mata haka, ta san cewa tunaninta ya bi sawun manya.

Malama mai koyar da lissafin injiniyanci, Malali

Ina gaishe da Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da shi cewa a fara da nan, amma ina da ja a kan wuri ɗaya, kuma ina ganin wajibi ne Malam ya faɗa wa ɗalibansa shi a fili. Da'irar nan mai faɗin buɗin fiffike ba daga dokar Newton ta fito ba. Aro ce daga sakamakon Prandtl, kuma tana aiki ne kawai idan ɗagawar ta rarrabu a kan fiffike cikin siffar elips, wato da'ira mai ɗan tsawo kamar ƙwai. Ɗalibi mai kaifin basira zai tambayi dalilin da ya sa da'ira ce ba murabba'i ba, kuma hanyar makamashi ba ta da amsar da za ta ba shi. Haka kuma ba za ta gaya masa daga ina e ya fito ba, ko wane ɓangare na fiffike ne zai fara rasa ɗagawa. Waɗannan injiniyoyi ne da gobe za a ce su zana fiffike, don haka ina tsoron kada a sauƙaƙa darasin har a cire masa ƙashin baya.

A ganina abin da ke ba ɗalibai wahala a ka'idar Prandtl ba lissafin ba ne, matakin da ake tsallakewa kafin lissafin ne. Hermann von Helmholtz ya nuna tun 1858 cewa zaren guguwa ba ya ƙarewa a tsakiyar ruwa ko iska: ko dai ya rufe kansa ya zama zobe, ko ya kai ga wata iyaka. Ɗalibanka sun riga sun yarda cewa fiffike mai ɗagawa yana ɗauke da zagayen iska. To a tsini ɗagawa sifili ce, domin babu abin da ya raba matsin sama da na ƙasa. Ina zagayen ya tafi ke nan? Ba shi da mafita sai ya karkata baya ya bi iska. Kuma ba a tsini kaɗai yake karkata ba. Duk inda zagayen ya ragu daga gindi zuwa tsini, abin da ya ragu yana sulalewa ta gefen baya, har ya zama shimfiɗaɗɗen mayafi na ƙananan guguwoyi wanda daga baya yake naɗewa ya zama manyan guda biyu. Idan ɗalibi ya gane wannan, sauran aikin dokar Biot da Savart ce, wadda ya riga ya gani a darasin lantarki, sai dai a nan zaren guguwa ne a madadin waya, gudun iska kuma a madadin maganaɗisu.

Ludwig Prandtl da ɗalibansa a Gottingen ta Jamus sun buga wannan ka'ida a 1918 da 1919, kuma Max Munk, ɗaya daga cikin ɗaliban, shi ne ya tabbatar da cewa ga buɗi ƙayyadadde, turjiyar ɗagawa tana kai wa mafi ƙanƙanta ne idan gangarowar iska ta zama iri ɗaya daga tsini zuwa tsini, abin da rabon elips ke bayarwa. Hanyar warwarewa da na fi so ga ɗalibai ita ce ta Hermann Glauert, wadda ake rubuta zagayen a matsayin jerin Fourier, wato jimlar lambobi, kowacce sau sin na wata kusurwa. Ka sa kowane rukuni ya ɗauki maki huɗu a rabin fiffike, ya warware lissafi huɗu masu ɓoyayyu huɗu a Excel, wanda ba ya buƙatar intanet ko babbar kwamfuta. Za su ga da idonsu cewa lamba ta farko ce kaɗai ke ba da ɗagawa, sauran kuma turjiya kawai suke ƙarawa, kuma daga nan e ya fito. Ka ba wani rukuni fiffike mai faɗi ɗaya daga gindi har tsini, wani rukunin mai tsukewa zuwa kashi 40 cikin 100 na faɗin gindi, wani kuma mai tsini kamar mashi. Za su tarar na tsakiyar ya kusa kamo elips ƙwarai, abin da ke bayyana dalilin da ya sa masana'antu ba su cika wahalar da kansu da lanƙwasasshen fiffike irin na jirgin yaƙin Spitfire ba.

Akwai sakamako na biyu da ake yawan mantawa da shi saboda an shagala da turjiya. Tun da gangarowar iska tana cin wani kaso na kusurwar tunkara, fiffike mai iyaka yana ba da ɗagawa ƙasa da ta yankansa a kusurwa ɗaya. Ga rabon elips, kason da ya rage shi ne AR / (AR + 2). Idan AR 6 ne, kashi 75 cikin 100 ke nan, idan 10 ne kusan kashi 83. Wanda ya ɗauko jadawalin yankan fiffike ya ɗora kan jirginsa kai tsaye zai yi kuskuren da ya kai rubu'i.

Sannan ka gaya musu iyakar ka'idar. An gina ta ne domin miƙaƙƙen fiffike mai AR da ya kai 4 ko fiye, a gudun da iska ba ta matsuwa. Ba ta dace da fiffike mai karkata baya sosai ba, balle irin na jirgin Concorde wanda AR ɗinsa bai kai 2 ba. Ga waɗannan sai a koma hanyar ragar guguwa, wadda ake raba fiffike ƙananan gidaje kowanne da zaren guguwarsa a lissafa da kwamfuta, kuma manhajar AVL ta Mark Drela na jami'ar MIT da XFLR5 duka kyauta ne. Amma ni ba zan bar ɗalibi ya buɗe su ba sai ya gama na Excel da hannunsa.

Tsohon injiniyan jiragen sama, Mando

Malam, ni ba malamin aji ba ne, a rumfar gyaran jirage na yi rayuwar aikina, don haka zan faɗi abin da ɗalibanka za su iya dubawa a nan kusa da su.

Jirgin da Baba ya yi misali da shi kusan girman Air Beetle ne, jirgin horon da aka harhaɗa a nan Kaduna domin Rundunar Sojan Sama a shekarun 1990, wanda aka samo daga ƙirar RV-6A ta Amurka. Buɗinsa kusan mita 7 ne, fiffikensa faɗi ɗaya ne daga gindi zuwa tsini, AR ɗinsa bai kai 5 ba. A lissafin Malama wannan fiffike ba shi ne gwanin tsimin mai ba, to me ya sa ake son irinsa ga mai koyo? Dalili ɗaya shi ne sauƙin ƙira, tun da haƙarƙarinsa duk girma ɗaya ne. Babban dalilin kuwa shi ne a irin wannan fiffike gangarowar iska ta fi ƙarfi a wajen tsini, saboda haka gindi ne yake fara kai wa kusurwar da iska ke ɓallewa daga saman fiffike. Ɓallalliyar iskar tana bugun wutsiya, matuƙi ya ji jijjiga a sandar tuƙi, alhali filafilan da ke karkata jirgi dama ko hagu, waɗanda suke kusa da tsini, suna nan suna aiki. Fiffike mai tsukewa sosai akasin haka yake yi: tsini ne ke fara saki, jirgi ya kife gefe ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa ake murɗa irin wannan fiffike kaɗan, a rage wa tsini kusurwa da digiri biyu ko uku. Idan ka tsaya a tsinin fiffiken ƙaramin jirgi ka hango gefensa na baya zuwa gindi, sau da yawa za ka ga murɗin da idonka. Idan za ka iya nema wa ɗalibai izinin ziyara a Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojan Sama ko Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ka sa su tafi da tef ɗin awo su auna buɗi da faɗi da kansu.

Guguwar tsini kuma ba zane ba ce a wurin masu aiki a filin jirgi. Ta fi ƙarfi idan jirgi yana da nauyi kuma yana tafiya a hankali, wato lokacin tashi da sauka, kuma tana iya juya ƙaramin jirgin da ya shiga cikinta. Hukumar jiragen sama ta duniya ta kasa jirage bisa nauyi saboda wannan, inda mai kilo 136,000 ko fiye yake cikin rukunin masu nauyi, kuma hasumiya takan tsayar da ƙaramin jirgi minti biyu ko uku bayan tashin babba. Da damina, idan iska ta cika da laima, ɗalibai za su iya ganin fararen zare biyu suna bin jirgi mai sauka, domin matsin da ke tsakiyar guguwar ya faɗi har tururi ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Sau da yawa zaren yana fitowa ne daga ƙarshen filafilin da ake saukewa a bayan fiffike lokacin sauka ba daga tsini ba, wanda ke gaskata maganar Malama cewa guguwa tana fita ne duk inda ɗagawa ta canza da sauri.

Wani abin da matuƙa ke ji a jikinsu shi ne tasirin ƙasa. Idan fiffike ya kusanci ƙasa da tazarar da ba ta kai buɗinsa ba, ƙasar tana hana iska gangarawa, turjiyar ɗagawa ta ragu, jirgi ya yi ta shawagi a kan titi ya ƙi zama. Haɗarin yana wajen tashi da rana tsaka a lokacin bazara, inda jirgi mai lodi zai iya rabuwa da ƙasa da taimakon wannan tasiri, amma da ya ɗan hau sai turjiyar ta dawo cikakkiya injin ya kasa.

Game da kunnen da ake kafawa a tsini, wanda Richard Whitcomb na NASA ya inganta a shekarun 1970, ka nuna musu cewa yawanci filin jirgi ne ke tilasta shi. Wurin tsayawar jirage irin su Boeing 737 da Airbus A320 ba ya karɓar buɗin da ya kai mita 36, shi ya sa dukansu biyun suka tsaya a kusan mita 35.8 da kunnuwansu. Boeing 777X kuwa miƙa fiffiken aka yi zuwa kusan mita 72, aka sa masa tsini mai naɗewa domin ya koma ƙasa da mita 65 idan ya sauka.

Malamin injiniyanci, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi tsarin Baba a darasin farko, in faɗa musu a fili cewa da'irar bashi ce da za mu biya a darasi na uku ta hanyar da Malama ta zayyana. Yallaɓai, maganar ziyara zan kai ta ga shugaban sashe. Abin da ya rage shi ne gwajin cikin aji. Ina da fankar tsaye da sikelin kicin na lantarki, kuma ina tunanin yanka fukafukai biyu na kwali in auna turjiyarsu. Shin wannan zai ba da sakamakon da za a iya dogara da shi?

Dattijo mai ritaya, Barnawa

Turjiya kam ba za ta aunu da waɗannan kaya ba, kuma gara ka sani tun kafin ka tsaya gaban aji. Fankar tsaye ba ta wuce ta ba ka mita 5 a sakan ba. Fiffike mai faɗin santimita 10 da buɗin santimita 40 a wannan gudu zai ba da ɗagawa kusan giram 30, amma turjiyar ɗagawarsa giram ɗaya da rabi ce kacal, wadda za ta ɓace cikin rawar sikelin da gogayyar sandar da ke riƙe da shi. Ɗagawar za ka auna. Yanka fukafukai biyu masu faɗi ɗaya, misali santimita 8, ɗaya mai buɗin santimita 16 ɗayan 48, domin AR ya zama 2 da 6. Faɗin ya zama ɗaya ne saboda lambar Reynolds, wadda ke auna ƙarfin gudun iska a kan gogayyarta bisa faɗin fiffike, kada ta bambanta. Ka ɗora kowanne a kan sanda bisa sikelin, ka karanta raguwar nauyi a digiri 2, 4, 6 da 8, sannan ɗalibai su raba da shimfiɗa su zana layi. Layin gajeren fiffiken zai kwanta a fili, kuma zai jure kusurwa mai girma kafin iska ta ɓalle masa. Siririn faranti mai ɗan lanƙwasa ya fi kaurin fiffike aiki a nan, domin lambar Reynolds ɗinka dubu talatin ce ko ƙasa da haka, ta jirgin gaske kuwa miliyoyi, don haka ka gargaɗe su cewa alkiblar sakamakon za su duba ba lambobin ba.

Fanka tana murɗa iskar da take fitarwa, wanda zai ɓata komai idan ba a gyara ba. Sayi bututun shan lemo masu yawa, ka yanka su tsawon yatsa, ka cika akwatin kwali da su a jere kamar saƙar zuma, ka ajiye a gaban fankar. Sai ka ɗaura zaren ɗinki mai tsawon taƙi a bakin tsinke ka kai shi bayan tsinin fiffike. A nesa zaren zai miƙe, amma da ya shiga tsakiyar guguwar zai fara juyawa kamar mazari, kuma idan ka kai shi ɗaya tsinin zai juya ta ɗaya hannun. Hayaƙin turaren tsinke ma yana nunawa idan an rage gudun fankar an kuma sa baƙin ƙyalle a baya. Liƙa gajerun zaruruwa a jere kusa da gefen baya, sama da ƙasa, za su ga na sama sun ɗan karkata wajen gindi na ƙasa kuma wajen tsini.

Domin dokar Helmholtz da Malama ta kawo, baho cike da ruwa ya isa. Bari ruwan ya kwanta, ka tsoma rabin ƙaramin faranti a tsaye, ka ja shi gaba taƙi ɗaya a hankali ka zare shi. Ramuka biyu ƙanana za su bayyana a fuskar ruwan suna tafiya tare, inuwarsu tana bin su a gindin bahon idan an yi gwajin a rana. Ɗiga tawada a ɗaya daga cikinsu, za ta bi rabin zoben da ya haɗa su ta ƙarƙashin ruwa.

Idan lokaci ya rage a ƙarshen zango, ka ba rukunin da ya fi ƙwazo wannan aiki. A 1933 Prandtl ya sake duba matsalar, ya tambayi abin da zai faru idan nauyin ƙashin fiffike ne aka ƙayyade ba buɗinsa ba. Amsar da ya samu ba elips ba ce: rabo ne mai siffar ƙararrawa, wanda buɗinsa ya fi da kashi 22 cikin 100, turjiyar ɗagawarsa kuma ta gaza da kusan kashi 11. Da jadawalin Excel ɗin Malama za su iya gwada wannan, ta hanyar ba lambar da ke tare da sin 3θ a jerin darajar da ta kai sulusin ta farko da alamar ragi, sannan su kwatanta nauyin lanƙwasawa a tsawon fiffiken da na elips.